Ciwon da ke Zuwa Yana Komawa

Jama'a masu saurare, musamman ƴan yaƙi da jahilci na Zariya, Tibiri da Jiratawa:

Yau zancenmu a kan wani ciwon jijiya ne. Likitoci suna ce masa sikileroz. Wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana shi a 1868.

Jijiya kamar wayar lantarki take, tana da riga. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke cin rigar, a cikin ƙwaƙwalwa da laka. Sai saƙo ya riƙa tsinkewa a hanya. Ya fi kama mata masu shekara 20 zuwa 40. Ba shi da yawa a ƙasarmu, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Ga alamunsa. Ido ɗaya ya dushe, yana zafi. Hannu ko ƙafa su yi nauyi. Tafiya ta koma tangaɗi. Zafin bazara yakan ƙara su. Bayan ƴan makonni su lafa, mutum ya ce ya warke, ko a ce iska ce. Bayan watanni ciwon ya ɓullo a wani wuri.

Wannan zuwa da komawa shi likita yake son sani. To, yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta ranar da abin ya fara, da wurin da ya kama, da kwanakin da ya yi. Ku kai takardar asibitin Maradi. Likita na iya tura ku Yamai, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a auna ruwan laka.

Ba a warkar da shi tukuna, amma akwai maganin rage dawowarsa, in an gane shi da wuri.

Sai sati mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya.