AMSAR WASIƘUNKU: WA KE ZAƁEN ABIN DA 'YA'YANMU KE KARANTAWA?

Kamar yadda muka saba, ga jawabin da mai gabatar da filin amsa wasiƙun masu sauraro ya yi a rediyo, mun buga shi domin waɗanda ba su samu damar ji ba.

  Ina gai da manoma da ke bakin aiki, da 'yan kasuwa da suka kasa kaya suka jingine rediyo a gefe. Allah Ya ba da sa'a.

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, don kuwa tambayar da ke cikinta ta isa ta cinye mana lokaci. Ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Ɗambatta ta Jihar Kano. Ya ce da damina shi manomi ne, da rani kuma yana ɗan taɓa fataucin hatsi zuwa kasuwar Dawanau. Ya roƙi a sakaya sunansa, to mun sakaya. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da yara huɗu a makarantar gwamnati. Na sayar da buhun gero na saya wa babbansu littattafai, da niyyar in ya wuce ƙanensa ya gada. Da ƙanen ya kai su makaranta sai aka ce masa an canza manhaja, waɗannan sun tashi aiki. Na ce to ina sababbin? Malaminsu ya ce shi ma bai gan su ba, ana jira daga sama. Shin wai mece ce manhajar nan? Wa ke zaɓenta? Me ya sa kullum sai a ce an canza, sa'an nan a yi ta jira? Ko dai akwai mai cin riba a ciki ne?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya raya zuri'a. Ni kaina kafin in zo gidan rediyo alli na riƙe. Na yi kwalejin horon malamai, na kuma koyar a firamare ta ƙauye, saboda haka ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Mu fara da ma'ana. Manhaja ita ce tsarin da ke faɗin abin da za a koya wa yaro a kowane aji: fanni nawa zai ɗauka, da me za a fara, me zai biyo baya. Kamar shawarar nan ce da maigida ke yankewa tun kafin ruwa ya sauka, ya ce wannan gona dawa, waccan gyaɗa, ta bakin fadama shinkafa. Littafi kuwa shi ne iri da takin da za a saya saboda wannan shawara. Ka ga ke nan, da zarar an sauya shawara, abin da za a saya ma ya sauya, haka nan wanda za a saya a wurinsa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wa ke zaɓe? A Nijeriya akwai hukumar bincike da bunƙasa ilmi ta ƙasa, wadda ake kira NERDC. An kafa ta a 1988, hedikwatarta kuma tana Sheda kusa da Abuja. Ita ke tara masana su tsara manhajar firamare da sakandare. In sun gama sai a kai gaban majalisar ilmi ta ƙasa, inda ministan ilmi ke zama tare da kwamishinonin ilmi na jihohi, su amince. Daga nan kamfanonin ɗab'i su rubuta littattafai bisa sabon tsarin, ma'aikatar ilmi ta kowace jiha ta fitar da jerin waɗanda ta yarda a yi aiki da su, a ba da kwangilar saye, a horar da malamai, kafin kaya su iso ajin ɗanka. Ka ƙirga hannu nawa abin ya bi. A kowane hannu yana iya kwana.

Shi jan ƙafar nan ba yau ya fara ba. A 1969 aka yi babban taron ƙasa a Legas kan abin da ya kamata a koyar a makarantunmu. Ba a fitar da manufar ilmi ta ƙasa ba sai 1977, tsarin nan kuma na shekara shida, uku, uku, huɗu bai kankama ba sai 1982. An ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004, manhajarsa ta shiga aji a 2008. Ba a daɗe ba aka ce fannoni sun yi wa yara yawa, aka gyara a 2012, aka fara aiki da gyaran a 2014. Wajen rage yawan ne aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista da wasu darussa ƙarƙashin fanni guda, abin da ya ta da ƙura a 2017 har aka ba da umurnin a raba su.

Dubi kuma abin da ya sami darasin Tarihi. An cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare a zangon karatu na 2009 zuwa 2010. Aka yi ta kuka, aka yi ta alkawari, sai a watan Nuwamba na 2022 gwamnati ta yi bikin maido shi, tare da shirin horar da malamai 3,700. Shekara 13 ke nan. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka cire, kafin a maido ya gama sakandare, wata ma tana ɗakin mijinta da goyo.

Na baya-bayan nan kuwa, a watan Oktoba na 2024 ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya sanar da sabuwar manhaja mai sana'o'i 15, aka ce za ta fara a Janairun 2025. A cikin watan Oktoban nan aka sauke shi, Dokta Tunji Alausa ya hau. Ana dab da komawa makaranta a Satumban 2025 sai ga wata sanarwa: an rage yawan fannoni, sana'o'i sun koma shida, a cikinsu akwai kiwo, da noman lambu da amfanin gona, da ɗinki, da gyaran waya da kwamfuta, da haɗa wutar hasken rana. Haka batun harshe. A Nuwamban 2022 aka amince a koyar da yara da harshen uwa duk tsawon shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 aka ce an soke, a koma Turanci. Wanda ya zuba kuɗinsa ya buga littafin lissafi da Hausa fa, ina zai kai shi?

Yanzu mu zo ga tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce gishirin wasiƙar: ko akwai mai cin riba? Malam, gaskiya ɗaya ce. Ba kowane jinkiri ne na mugunta ba. Wani na rashin kuɗi ne, wani na sauyin minista ne, kowa ya zo da nasa salon. Haɗa kan jihohi 36 da Abuja ma ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Inda duk za a saya wa miliyoyin yara littafi, kuɗi ne masu nauyi ke kwance, kuma inda kuɗi ke kwance dole a sa ido.

Kai ɗan kasuwa ne, bari in yi maka misali da abin da ka sani. Ka kai gero kasuwa, sai ka tarar mai awon ƙanen mai sayen ne. Ko bai yi niyyar cuta ba, hannun nan da yake tarawa a bakin mudu zai ɗan fi faɗi. Ko kuwa dillalin da ka ba amanar sanka, ashe shi ne zai saya ta bayan fage. Wannan shi ne abin da ake gudu: wanda aka ba amanar zaɓe ya kasance yana da rabo a cikin abin da za a zaɓa. Shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa.

A harkar manhaja abin yakan zo ta fuska uku. Ta farko, masanin da aka gayyato ya tace littattafai, wani lokaci shi ma marubuci ne, ko yana da alaƙa da kamfanin ɗab'i. Ta biyu, mai tsohon littafi jibge a sito yana so a jinkirta sai ya karyar da kayansa, mai sabo kuma yana so a canza gobe-gobe. In kowannensu yana da nasa a cikin kwamiti, sai a yi ta ɗage zama. Ta uku, kowane malamin fanni yana kare fanninsa kada a rage shi, domin a nan abincinsa yake. Ga kuma dabarar nan ta buga littafi da gurbin da yaro zai rubuta amsa a ciki, yadda in shekara ta ƙare ƙane ba zai iya gada ba.

Na ga irin wannan da idona. Ina koyarwa aka aiko mana cewa a bar littafin Turancin da muke amfani da shi, a koma wani. Muka duba sabon, muka ga bai fi tsohon da komai ba sai kyan bango da tsada. Muka yi zango guda cur ba tsoho ba sabo, ina kwafe darasi a allo daga littafina ƙwaya ɗaya, yara sama da 70 suna zaune a ƙasa. Daga baya muka ji cewa mai rarraba sabon littafin surukin wani ne daga cikin waɗanda suka zaɓe shi. Ban ce an ci haram ba, Allah Shi ne masani. Amma a cikin yaran nan akwai waɗanda iyayensu suka ga ba a koyon komai, suka janye su zuwa gona da talla, ba su sake dawowa ba. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai.

Abin da nake so manyanmu su gane ke nan. Kwamiti yana iya ɗage zama zuwa baɗi, amma shekarun yaro kamar damina ne, ba sa jiran kowa. Takin da ya iso bayan an yi girbi, ko kyauta aka ba ka bai yi maka rana ba.

To doka ta yi shiru ne? A'a. Tsarin mulkin 1999, a sashen ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa a inda son ransa zai ci karo da aikin da aka ba shi amana. Har ma ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Akwai dokar ba da kwangila ta 2007, akwai kuma dokar 'yancin neman bayani ta 2011. Ba a ce kada a gayyaci marubuta ba, don su ne suka san aikin. Abin da ake so shi ne mutum ya faɗa tun farko cewa yana da littafi a cikin jerin, in an zo kan nasa ya tashi ya fita, a kuma bayyana wa jama'a sunayen 'yan kwamiti da ranar da za su gama. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta rantse ta ƙoshi.

Saura kai da ni, me za mu yi? Na farko, kada ka zubar da tsofaffin littattafan nan, kada kuma ka bari a ƙulla ƙosai da su. Bakwai sau takwas 56 ne a tsohuwar manhaja, haka yake a sabuwa. Na biyu, ba ka gaya mini ajin da yaron yake ba. Lokacin da aka kawo manhajar 2025, bayanin da hukuma ta yi shi ne za a fara ne daga aji ɗaya da aji huɗu na firamare, da ajin farko na ƙaramar sakandare da na babba, sa'an nan ta riƙa hawa da su shekara-shekara. Saboda haka ka je ka tambaya ko canjin ma ya shafi ajin ɗanka. Na uku, ka nemi hedimasta cikin ladabi ya nuna maka jerin littattafan da ma'aikatar ilmi ta jiha ta amince da su a rubuce. In littafin da aka ce ka saya ba ya ciki, ka tambayi dalili. Shi ma malamin kada ka huce a kansa, yadda kake jira haka yake jira.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, kada ka tafi kai kaɗai. Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta na gari wanda ake sa mai unguwa da liman da mata a ciki. In an kira taro, a daure a bar rumfa na awa ɗaya a je. Ku rubuta takarda da sa hannun mutum 20 ko 30 zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ku yi tambaya uku: wa ya zaɓi littafin nan, shekara nawa za a yi ana amfani da shi, kuma yaushe na gwamnati zai iso? Ku ajiye kwafi. In an yi shiru ku tuna wa ɗan majalisarku na jiha, ku kuma aiko mana mu karanta a wannan fili. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, sai an ɗaure ta.

Malam, da fatan ka gamsu. Buhun geron da ka sayar ba asara ba ce in Allah Ya yarda, kada wannan ya sa ka cire yaran daga makaranta. Masu riƙe da amanar ilmi kuma, mu ji tsoron Allah, mu tuna 'ya'yan talakawa ba su da wata makarantar sai wannan.

Jama'a, agogo ya harare ni. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan gari da kyau yadda zai karantu. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.