Ƙiba da Ciwon Sukari: Faɗakarwa ga Magidanta da Matan Gida

Jama'a da yawa suna ɗaukar ƙiba alamar wadata ce da kwanciyar hankali. Amma likitoci sun tabbatar cewa kitsen da ya yi yawa, musamman wanda ya taru a tumbi, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon sukari. Ciwon nan kuwa ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Akwai wani matsayi da ke gabatarsa, watau lokacin da sukarin jini ya haura ƙa'ida amma bai kai a kira shi ciwo ba. Mutum yakan yi shekaru a wannan hali, yana harkokinsa, bai ji ciwon komai ba.

Ga yadda abin yake. Duk abincin da aka ci, tuwo ne ko shinkafa ko doya, yakan narke ya zama sukari a cikin jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin da jiki ke yi, aikinsa shi ne shigar da sukarin cikin tsoka don ya zama ƙarfi. In kitse ya yi yawa a ciki da hanta, sai jiki ya daina jin insulin sosai, sukari ya riƙa taruwa a jini. Sannu a hankali ya ɓata idanu da ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙafa.

Awon jini kaɗai ke nuna wannan hali. Idan aka auna mutum da safe kafin ya karya kumallo aka sami 100 zuwa 125, to, ya shiga matsayin haɗari. Daga 126 zuwa sama, in an sake awo ya tabbata, ciwon sukari ke nan.

Akwai kuma awon da kowa zai iya yi a gida da tef irin na tela. A zagaya shi a ƙugu, daidai wajen cibiya. Namiji in ya kai santimita 94, mace in ta kai 80, lalle su nemi awon jini. Haka nan wanda iyayensa ko 'yan uwansa ke da ciwon, da mai hawan jini, da matar da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri mai nauyin fiye da kilo 4, da wanda fatar wuyansa ta yi baƙi ta yi kauri.

Abin farin ciki, ana iya komawa baya daga wannan matsayi. A shekarar 2002 an bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 masu irin wannan hali. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 80, ashe, kilo 5 zuwa 6 kawai ake nema ya sauke. Motsa jikin kuwa bai wuce tafiya da sauri ta rabin sa'a, kwana 5 a mako ba.

Saboda haka a rage lemon kwalba da shayi mai yawan sukari da soye-soye. A rage malmalar tuwo, a yawaita wake da ganye irin su zogale da alayyafo da rama. Mai shan taba ya daina. Wanda awo ya nuna yana cikin haɗari ya riƙa komawa asibiti sau ɗaya a shekara, kada kuma ya sha wani magani sai da izinin likita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.