TARIHIN NGONG DA RABON MAKIYAYI A CIKINSA



Yau za mu waiwayi asalin wannan gari namu na Ngong, domin wanda bai san mafarin gari ba, ba zai iya kare haƙƙinsa a cikinsa ba.

Ƙasar nan ta Lamiɗon Cebowa ce, ɗaya daga cikin sarautun Fulani da suka kafu a Adamawa bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19. Iyayenmu sun tarar da daji mai yalwa, ga ciyawa, ga ruwa, mutane kaɗan. Ngong kuwa ƙauye ne a bakin hanyar Garwa zuwa Ngawundare.

To, me ya mai da shi gari? Abu uku ne: hanya, auduga da saniya. Bayan farin 1973, gwamnati ta buɗe ƙasar Binuwai ga manoma daga arewa mai nisa. Mafa, Tupuri, Giziga da sauransu suka yi ta kwararowa. A 1974 aka kafa kamfanin SODECOTON, daga baya ya gina injin gurzar auduga a nan. A 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, ruwa ya cinye fadamun da shanu ke cin rani, garkuna suka matso wajenmu.

Jama'a, kada a manta da na ukun. Duk ranar Litinin karar Ngong na cika, dillali ya samu, mahauci ya samu, mai mota ya samu, hukuma ta karɓi haraji. Bijiman da manomi ke huɗa da su ma, daga rugarmu suka fito. Ashe da guminmu a ginin garin nan.

Amma gona tana da iyaka da kowa ke gani, burtali ba shi da takarda. Kowace damina sai a ɗan ci gefensa, har mashaya ta toshe. Saniya ta taɓa masara, sai tara.

Manoma ba abokan gabanmu ba ne, fari ne ya koro su, kamar yadda ya taɓa koro mu. Abin da muke nema shi ne a bi doka. Dokar 1978 ta kafa kwamitin sasanta manomi da makiyayi a ƙarƙashin sufurefe, kuma aikinsa ne ya shata burtali da wurin kiwo.

Saboda haka muna roƙon kowane Arɗo ya zauna da dattawansa kafin shuka, a rubuta sunan kowane burtali da mashaya, a kawo wa ƙungiya, mu kai gaban kwamiti. Abin da ke cikin kan tsoho, in ba a rubuta ba, tare za a binne su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya. Wassalamu alaikum.