Manhajar Ilimin Kasuwanci: A Fara Tambayar Masu Ɗaukar Aiki

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Matsayina kun san shi: ɗalibin da ya gama karatun kasuwanci amma ya kasa rufe lissafin yini guda a shago, ba mu koya masa abin da ya zo nema ba, ko da wane irin sakamako ya fita.

Tarihin ba sai na maimaita muku ba. An kafa hukumar horar da ma'aikata ta ITF a 1971, ta fito da shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a 1973, hukumar ilimin fasaha ta NBTE ta zo a 1977, tsarin 6-3-3-4 ya shigar da darasin kasuwanci ƙaramar sakandare, daga baya aka wajabta darasin dogaro da kai a manyan makarantu. A nan garin Rano ma muna da reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, mai koyar da fasahar karkara da dogaro da kai. Hukumomi da takardu dai ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ba mu taɓa yi da gaske ba shi ne mu zauna da wanda zai biya yaron nan albashi mu tambaye shi me yake so.

To wa ke ɗaukar aiki a Rano da Kibiya? Sakatariyar ƙaramar hukuma ta daɗe da cika. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya mayar da Bunkure da Kura da Garun Malam gidan shinkafa da tumatur, mu kuma a nan damina na ba mu masara da dawa da gyaɗa. Masu neman ma'aikata su ne mai injin casar shinkafa, da dilan taki da maganin feshi, da mai sayen hatsi yana lodi zuwa kasuwar Dawanau, da mai gidan mai, da mai rumfar POS, da makarantu masu zaman kansu da ke neman mai karɓar kuɗi. Ɗan garin nan, Alhaji Auwalu Abdullahi Rano, ya baza gidajen mai a faɗin ƙasar nan har ya kai ga kamfanin jiragen sama. Kowane gidan mai a cikinsu yana buƙatar wanda zai yi lissafi kullum.

Bari mu ɗan tsaya a gidan mai, domin a nan hujjata take. Da safe ana rubuta lambar da mitar kowane famfo ta tsaya. Ana zura sandar awo a tanki a san lita nawa ke ƙasa. Da dare a sake karanta mita, a cire ta safe daga ta dare, a ninka da farashin lita. Abin da ya fito dole ya yi daidai da abu huɗu idan an haɗa su: tsabar kuɗin da ke aljihun yaran famfo, da abin da na'urar POS ta karɓa, da tiransifa, da man da aka ba direbobin da ke sha bashi. Idan farashi ya sauya da rana tsaka, kamar yadda ya yi ta faruwa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sai a raba lissafin gida biyu. Idan tanki ya nuna an sha fiye da abin da mita ta ce, ko dai yoyo ne, ko tankar da ta sauke ba ta cika ba, ko kuma hannu ya shiga. Manajan kirki yana gano wanne ne kafin ya kwanta.

A cikin wannan aiki na yini guda akwai ƙididdigar kaya, da daidaita lissafi da banki, da kula da bashi, da rubuta rahoto, da riƙon amana. Duk muna koyar da su a aji, amma a warwatse, kowanne da malaminsa da jarrabawarsa, da misalan kamfanonin da babu su a duniya. Ɗalibi zai zayyano maka ma'anar daidaita lissafi yadda take a littafi, ka miƙa masa takardun gidan mai na jiya ya tsaya yana kallon ka.

Haka abin yake wajen dilan taki. Yana ba manoma kaya a farkon damina, su biya da kaka, wani da kuɗi, wani da buhun masara. Wa zai riƙe littafin bashin? Wa zai ƙiyasta kuɗin buhun ranar da aka kawo shi, ya raba uwar kuɗi da riba? 'Yan kasuwa da yawa da muka sani ba rashin ciniki ne ya karya su ba, cin uwar kuɗi ne suna zaton riba ce. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuwa ya tura kowa ga tiransifa, sai ga alat na bogi ya zama ruwan dare. Yaron da ya san ba a sakin kaya sai an ga kuɗi sun zauna a asusu ya fi wa mai shago amfani a kan wanda ya haddace babi goma.

Na san abin da wasu abokan aikina malamai za su ce. Wai mu ba makarantar koyon sana'a ba ce, tunani muke ginawa. Wanda ya gano inda lita ɗari ta ɓace, ai tunani ya yi. Wasu kuma su ce manhaja daga sama take zuwa, ba mu da ta cewa. Hukuma tana kafa mafi ƙarancin abin da za a koyar ne, ba ta hana kowa ɗauko misali daga kasuwar garinsa ba. Masu kare gajeren rubutun Pitman kuwa, wanda aka ƙirƙira a Ingila a 1837, su nuna mini ofishi ɗaya tsakanin Kwanar Ɗangora da Kibiya da ya nemi mai wannan gwaninta, ni kuma zan yi shiru.

Ga shawarwarina.

Na farko, kowane sashen kasuwanci ya kafa kwamitin masu ɗaukar aiki daga yankinsa, su zauna sau ɗaya a shekara da Hausa, a rubuta abin da suka ce, a gyara darussa a kansa.

Na biyu, sa'o'in gajeren rubutu su koma ga Excel, da rubuta rasit da wasiƙar kasuwanci da Hausa da Turanci, da yi wa sana'a rajista da hukumar CAC. Ɗalibi ya yi da hannunsa a kan kwamfuta, ba a kan allo ba.

Na uku, a daina jiran SIWES. Tun shekarar farko ɗalibi ya riƙa yin yini ɗaya a mako a shago ko injin casa ko gidan mai. Jamus ta gina masana'antunta da irin wannan raba lokaci tsakanin aji da wurin aiki, mu ma a Kantin Kwari haka yaron shago ke tashi har ubangidansa ya sallame shi. Kuma a ba ubangidan kaso a makin ɗalibi, musamman kan zuwa a kan lokaci da amana. 'Yan mata a nema musu wurare tun da wuri, a makarantu da shagunan magani da ƙungiyoyin mata manoma.

Na huɗu, a soke tsarin kasuwancin da ɗalibai ke kwafowa daga intanet a matsayin aikin ƙarshe. A maimakonsa kowa ya riƙe littafin wata sana'a ta gaske na wata uku, ya zo ya kare shi a gaban malami da mai sana'ar.

Na biyar, mu malamai mu fara. Wanda bai taɓa rufe lissafin shago ba ya je ya koya a lokacin hutu.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke jiran kasafin kuɗi ko izinin Abuja. Shugabannin sassa suna nan zaune, 'yan kasuwa ma ga su, sai a sa ranar zama na farko kafin a watse.