Wayoyi Biyu, Saƙo Ɗaya

In mai gyara ya buɗe tsohon laftof, zai tarar da siririyar igiyar da ke kai hoto allo, wayoyinta a murɗe bibbiyu. Dabarar LVDS ke nan, wadda kamfanin National Semiconductor na Amurka ya fito da ita a 1994. Ɗan guntun lantarki yana tura miliamfa 3.5 ta waya ɗaya, wutar ta dawo ta ɗayar. Mai karɓa bambancinsu kaɗai yake karantawa, kimanin milibolt 350. Katsalandan ɗin janareta kuwa yakan shiga duka biyun daidai wa daida, sai ya soke kansa. Don Allah masu gyara, kada ku warware murɗin nan ko ku ƙara wa waya ɗaya tsawo, don hoto zai dinga rawa.