Abin da Aka Rubuta da Abin da Injin Ya Karanta



Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja a Visual Studio ya yi hulɗa da MSBuild, ko ya sani ko bai sani ba. Microsoft ta fito da shi a 2005, ta kuma buɗe shi ga kowa a GitHub a 2015. Shi ne ke karanta fayil ɗin aiki, irin mai ƙarewa da .csproj, ya gane abin da za a haɗa da inda za a ajiye shi.

Kowace sifa a cikin wannan fayil fuska biyu gare ta. Ga misali. An rubuta cewa OutputPath shi ne bin\$(Configuration)\. Wannan ce rubutacciyar ƙima, akwai gurbi a cikinta. Injin, wato MSBuild, ya zo ya cike gurbin, sai ya sami bin\Debug\ ko bin\Release\, wato lissafaffiyar ƙima. Yana bin fayil daga sama zuwa ƙasa, yana kutsawa cikin fayilolin da aka shigo da su, irin su Directory.Build.props, kuma in an maimaita sifa, ta ƙarshe ce ke cin ta farko. Wadda kuwa aka bayar da -p: a layin umarni ta fi ta cikin fayil ƙarfi.

Na sha wuya a kan bambancin waɗannan ƙimomi biyu. A wani wurin aiki na rubuta ƙaramar manhaja mai gyara fayilolin aiki da yawa lokaci guda. Sai na sa ta karanta lissafaffiyar ƙima, ta mayar da ita cikin fayil. Gurbi ya toshe, bin\Debug\ ya zauna daram. Da muka zo fitar da sigar abokan ciniki, sai ta faɗa jakar gwaji, ta danne abin da ke ciki. Kwana biyu muna lalube, don injin bai yi ko tari ba: abin da aka rubuta masa ya bi.

Akwai tarko na biyu. In ka canja sifa daga cikin manhajarka ta hanyar kiran SetProperty, sauran sifofin da suka dogara da ita suna nan da tsohuwar ƙimarsu, har sai ka kira ReevaluateIfNecessary. Fayil ya faɗi wani abu, ƙwaƙwalwar kwamfuta tana riƙe da wani dabam.

Don haka ina roƙonku, musamman masu aikin kammala karatu: ku karanta EvaluatedValue, wato lissafaffiyar ƙima, in kuna son sanin abin da zai faru, ku gyara UnevaluatedValue, wato rubutacciyar ƙima, in za ku rubuta, kuma ku sake lissafi bayan kowane canji. In kun ruɗe, ku yi amfani da -pp a layin umarni, zai baje muku dukan fayilolin a shafi ɗaya, ku ga wane layi ne ya ci wane da idonku.