Taswirar Allo Da Zurfin Teku

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke aji a yanzu.

Sakatare ya ce in yi magana a kan abin da nake yi idan na tashi daga ofis. To, tun da aiki ya kai ni Legas, ranakun Asabar nakan bi wasu abokai cikin ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa ta jikin babban ƙyalle. Na san wasu za su yi dariya, wai ɗan tudu da teku. Aikina a jirgin shi ne lura da hanya, kuma a kansa zan yi bayani.

Babbar na'urarmu ita ce GPS. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin, ya kammala a 1995 da taurarin ɗan'adam 24 masu kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,000. Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokacin da ya baro shi. Na'urar takan auna daɗewar saƙon a hanya, idan ta samu na taurari huɗu sai ta lissafa inda take. Ƙannena, lissafin gudu da lokaci da nisa da kuke gudu a aji, shi ne wannan. Da can Amurka takan gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, kuskuren ya kai mita 100. A watan Mayu na 2000 aka daina, ya koma 'yan mitoci kaɗan.

Sai dai GPS inda kake kawai take faɗa maka. Abin da ke ƙarƙashinka kuwa, wannan aikin taswira ne, wadda a yau ake dubawa a allo. A nan matsalar take. Idan ka ƙanƙantar da taswirar don ka ga teku da faɗi, na'urar takan ɓoye ƙananan abubuwa don kada allo ya cushe.

Ranar 29 ga Nuwamba, 2014, wani jirgin tsere mai suna Vestas Wind yana kan hanya daga Kef Tawun zuwa Abu Dabi. Mutum tara ne a ciki, gwanayen teku, da na'urori irin na ƙarshe. Da dare, yana gudun kilomita wajen 35 a awa, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos da ke Tekun Indiya, arewa maso gabas da tsibirin Morishiyos. Na'urar ba ta lalace ba. Ta san inda suke sarai. Duwatsun ma suna cikin taswirar, amma sai an buɗa wurin sosai suke bayyana, ba a kuwa buɗa ba. A taswirar takarda a fili suke. Allah Ya sa babu wanda ya rasa ransa, amma jirgin ya farfashe. A ganina, wanda ya ɗora wa na'ura laifin nan kacokan bai yi adalci ba.

Shi ya sa kafin mu saki igiya nakan bi hanyar duka a allo, taki-taki, a buɗe. Muna kan ruwa kuma ina kwatanta zurfin da taswira ta faɗa da na na'urar auna zurfi, wadda ke aika sauti ƙasa ta jira dawowarsa. Yashi yana ƙaura, taswira kuwa ba ta bin sa. Idan suka saɓa, mukan rage gudu nan take. Bayan kowane rabin awa ina rubuta inda muke da fensir a taswirar takarda, tare da abin da kamfas ya nuna, domin batir kan mutu, ruwan gishiri kuma ba ya shiri da wayar lantarki.

Shugaba, na ga lokacina ya cika. Na zo da taswirar takardar da kamfas ɗin, suna kan tebur a bayan zaure ga ɗaliban da ke son gani.